Yadda ake rubuta umarnin daidaita Jamf Connect bayan girka shi a kwamfutocin ma'aikata

Jamf Connect manhaja ce da ke maye gurbin allon shiga na Mac, domin ma'aikaci ya buɗe kwamfutarsa da asusun wurin aikinsa, ko na Okta ne ko na Microsoft Entra ID ko na Google. Tushenta manhajar NoMAD ce, wadda kamfanin Jamf ya saya a 2018. Girka ta ba ya cin lokaci, sai dai idan allonta ya fara aiki kafin tsare-tsarenta su iso kwamfutar, ma'aikaci zai wayi gari gaban allon da bai san inda zai kai sunansa a tantance ba, kuma ba shi da wata ƙofar shiga. Hana aukuwar wannan shi ne babban aikin rubutun umarnin da ke gudana bayan girkawa, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi da kanta (script).

Da farko a raba aiki gida biyu. Tsare-tsaren manhajar, irin su OIDCProvider da OIDCClientID, a cikin furofayil, wato fayil ɗin tsare-tsare da ake tura wa kwamfutoci, ake sa su ƙarƙashin sunan com.jamf.connect.login, sannan a tura su daga Jamf Pro, manhajar da ake kula da kwamfutocin Apple na wurin aiki da ita. Ban ga hikimar rubuta su da defaults write a cikin rubutun umarni ba, domin abin da furofayil ya kafa shi ke rinjaye, kuma ana iya gyara shi daga wuri ɗaya ba tare da an taɓa kowace kwamfuta ba. Abin da ya rage wa rubutun shi ne ya jira, ya duba, sannan ya kunna.

A fara layin farko da #!/bin/zsh. Kada a dogara da yaren shirye-shirye na Python, tunda Apple ya cire shi daga macOS 12.3 a 2022, kuma tsofaffin rubuce-rubucen da suka jingina da shi nan take suka daina aiki.

Jiran nan shi ne wurin da ya fi cancantar a natsu. Idan furofayil ya sauka, fayil mai suna com.jamf.connect.login.plist yana bayyana a cikin /Library/Managed Preferences. Saboda haka rubutun zai leƙa wurin duk bayan daƙiƙa 10, har sau 30, wato minti 5 ke nan. Ganin fayil ɗin kaɗai bai isa ba. A sa defaults read ya karanto OIDCProvider daga cikinsa, a tabbatar ba fanko ya dawo ba. Idan komai ya cika, sai a gudanar da /usr/local/bin/authchanger -reset -JamfConnect, wanda ke sauya jerin matakan shiga na kwamfutar ya sa allon Jamf Connect a ciki. Idan kuwa lokaci ya ƙare furofayil bai zo ba, a gudanar da authchanger -reset domin allon Apple na asali ya dawo, a kuma fita da exit 1. Wannan lamba 1 ita ce za ta sa Jamf Pro ya nuna cewa aikin ya gaza, mai kula da kwamfutoci ya gani da idonsa tun kafin wayarsa ta fara ƙara. A wurin da intanet ke ɗaukewa yana dawowa, gara a tsawaita jiran da a gajarta shi.

Akwai wani tarko da ke kama mutane da yawa. Jamf Pro yana gudanar da rubutu ne da ikon root, wato babban asusun da ke da iko kan komai a kwamfutar, alhali ɓangaren manhajar da ke zama a saman allo na ma'aikacin da ya shiga ne. Kafin a buɗe shi, a gano wanda ke zaune gaban kwamfutar da stat -f%Su /dev/console. Idan amsar root ce ko _mbsetupuser, to babu wanda ya shiga tukuna, sai a tsallake wannan mataki. Idan sunan ma'aikaci ne, a samo lambarsa da id -u, a buɗe manhajar ta hanyar launchctl asuser.

A Jamf Pro, a sa fifikon rubutun a kan After domin ya biyo bayan kunshin girkawa. Gurabe daga $4 zuwa $11, inda ake miƙa wa rubutun bayanai daga Jamf Pro, na mai rubutu ne, kuma ya dace a ajiye tsawon jira a ɗaya daga cikinsu, amma kada a taɓa sa kalmar sirri a wurin.

Kafin a saki aikin ga kowa, a gwada shi a kwamfuta ɗaya mai asusun shugaba na cikin gida, a bar SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, a kunne, domin ko allon ya ƙi buɗewa a samu hanyar gudanar da authchanger -reset daga wata na'ura. Bayan gwajin, authchanger -print zai nuna matakan shiga da ke aiki, /var/log/jamf.log kuma zai nuna lokacin da aikin ya gudana. A maimaita gwajin sau ɗaya bayan an cire furofayil da gangan, a ga ko allon Apple ya dawo.