Kuskure a kuɗin rashin aiki a takardar harajin Amurka: a gyara ko a bari?

Kuɗin da jiha ke biyan wanda ya rasa aiki a Amurka ba kyauta ba ne a idon gwamnatin tarayya, akwai haraji a kansa. A ƙarshen Janairu hukumar jihar da ta biya ka takan fitar da fom 1099-G, ta ba ka kwafi ɗaya, ta aika wa hukumar haraji ta IRS ɗaya. Ke nan adadin da ka manta ko ka rubuta ba daidai ba yana hannunsu tun kafin ka aika takardarka. Jihohi da dama ba sa turo fom ɗin ta gidan waya, sai mutum ya shiga asusunsa na intanet ya sauke, kuma a nan ne mantuwa kan samo asali.

Kafin ka taɓa komai, ajiye 1099-G kusa da kwafin takardar harajin tarayya, wato fom 1040, da ka aika. A 1099-G, akwati na 1 shi ne jimillar abin da aka biya ka, wurinsa layi na 7 na Schedule 1, fom ɗin ƙari da ake haɗawa da 1040. Akwati na 4 harajin tarayya ne da aka riga aka cire, yana shiga layi na 25b na 1040. Idan fom ɗin ya ɓata, asusunka na IRS yana nuna duk abin da aka kai musu da sunanka a shekarar.

Idan ka bar kuɗin gaba ɗaya, ko ka rubuta ƙasa da abin da ka karɓa, ka gyara, kuma kada ka jira wasiƙa. Ga lissafi: mutum ya manta dala 6,000, yana rukunin masu biyan harajin kashi 12 cikin ɗari, ƙarin harajinsa dala 720 ne. In ya cike W-4V, fom ɗin neman a riƙa cire haraji kafin a biya shi, tun farko an cire masa kashi 10, wato dala 600, abin da ya rage dala 120 kacal. Mutane kan firgita su ƙi buɗe maganar, alhali bashin bai kai tsoron ba. Abin da ke girma shi ne kuɗin ruwa, wanda ke hawa kullum tun daga ranar rufe biya a watan Afrilu. Akwai kuma tarar kashi 20 ta sakaci, wadda galibi ba a ɗora wa wanda ya gyara da kansa kafin IRS ta tuntuɓe shi. Idan ma wa'adin Afrilu bai wuce ba, ka gyara ka biya kafin ranar, babu ruwa babu tara.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne zuba kuɗin a layin albashi, wato 1a. Jimilla ta fito daidai, sai mutum ya ce ai shi ke nan. Ba shi ke nan ba ne. Rangwamen EITC da ake bai wa ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin gumi ake auna shi, kuma kuɗin rashin aiki ba ya cikin wannan. Wanda ya haɗa su zai iya karɓar rangwamen da ya fi haƙƙinsa, mai 'ya'ya biyu ko uku kuwa bambancin yakan yi yawa. Haka kuma ƙarin kuɗin da aka manta yana ɗaga jimillar abin shiga na shekara, ya rage EITC, ya taɓa tallafin inshorar lafiya da ke fom 8962. Don haka kada ka lissafa da ka. Sake shigar da komai a manhaja ka ga duk layin da ya motsa.

Wanda ya rubuta fiye da abin da ya karɓa, ko ya manta akwati na 4, shi ke bin gwamnati. Yana da shekara 3 daga ranar da ya aika takardar, ko shekara 2 daga ranar da ya biya harajin, duk wanda ya fi nisa. Bayan nan kuɗin ya tafi.

Akwai inda gyara ba shi da amfani. Kuskuren tarawa ko ɗebewa IRS ce ke daidaita shi. Idan wasiƙar CP2000, wadda IRS ke aikowa in ta ga adadinka bai dace da nata ba, ta riga ta iso, kuma ka yarda da abin da ke ciki, ka sa hannu ka mayar cikin kwana 30, ko 60 in kana wajen ƙasar. Aika fom ɗin gyara, wato 1040-X, a kan wannan yakan kawo ruɗani ne kawai. In kuwa 1099-G ya zo da kuɗin da ba ka taɓa nema ba, wani ne ya yi amfani da sunanka, abin da ya yi ƙamari lokacin korona. Kada ka sa shi a takardarka. Kai ƙara ga hukumar jihar, ka nemi gyararren fom, ka adana shaidar. Sannan a daina dogaro da tsohon labarin dala 10,200 da aka yafe wa haraji: dokar Maris 2021 ce, ta shafi shekarar 2020 kaɗai.

Shi kansa 1040-X ba shi da wuya. Gurbin A adadin da ka rubuta da farko, B bambancin, C adadin gaskiya. A gurbin bayani jimla biyu sun isa: an bar dala kaza na kuɗin rashin aiki, ga 1099-G. Haɗa sabon Schedule 1 da duk fom ɗin da ya canza, da kwafin 1099-G idan an cire haraji. Kowace shekara da nata fom. Ana iya aikawa ta intanet ga shekarar da ake ciki da biyu na baya, sauran sai ta gidan waya. In kana jiran kuɗin da za a mayar maka daga takardar farko, bari ya shigo tukuna don kada biyun su yi karo. Amma biyan bashi ba ya jira: tura shi ta Direct Pay, hanyar biyan IRS ta intanet, ran da ka aika, ka zaɓi shekarar daidai, domin kuɗi kan faɗa shekarar da ba ita ba. Wanda ba shi da halin biya gaba ɗaya ya aika fom ɗin duk da haka, ya nemi biya kaɗan-kaɗan da fom 9465. Aikin yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, wani lokaci 16, kuma sai bayan kamar mako 3 zai bayyana a shafin bibiya na IRS.

Kada a manta da jiha. New York tana karɓar haraji a kan wannan kuɗi, saboda haka mazaunin Bronx da ke birnin New York gyara biyu ne a gabansa. California, New Jersey, Pennsylvania da Virginia ba sa karɓa, Texas kuwa ba ta da harajin abin shiga. Ga wanda ke shirin neman zama ɗan ƙasa, fom N-400 yana tambaya ko ana bin ka haraji, mai ɗaukar nauyin iyali da I-864 shi ma bayanan harajinsa ake dubawa. Irin wannan mutum ya ajiye kwafin 1040-X da rasit ɗin biya tare da takardunsa na shige da fice. Cibiyoyin VITA na 'yan sa-kai suna taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi cike takardun haraji kyauta, amma a kira tukuna a tambaya ko suna cike 1040-X.