Kurakuran da Na Gaji da Gani Wajen Wanke Faifai da Injin Altrasonik

Cikin wata biyun nan mutum uku suka kawo mini faifan kiɗa, irin wanda allura ke bi, a lalace, kuma labarinsu duk ɗaya ne. Sun sayi injin wanki na altrasonik, sun kalli yadda ake yi a bidiyo, sun zuba ruwa sun kunna. Na farko faifansa ya lanƙwashe, na biyu nasa ya fito da farin dabbare-dabbare, na uku kuwa cewa ya yi ƙarar tas-tas ɗin ma ƙaruwa ta yi. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Abin da zan faɗa shi ne yadda nake yi bayan asarar da na tafka, wani mai tara faifan yana iya saɓa mini a wasu wuraren.

Bari mu fara da aikin injin. A ƙasan tankin akwai wasu 'yan na'urori manne da ƙarfen, suna kaɗa ruwan sau dubu 40 a daƙiƙa guda, wato kilohaz 40. Kaɗawar nan tana haifar da ƙwayoyin kumfa waɗanda ido ba ya gani, suna tasowa suna fashewa nan take, fashewar ce kuma ke fizgo datti daga cikin layukan da allura ke bi, inda burushi ba ya kaiwa. Akwai injinan da aka ƙera musamman domin faifai, irin su Degritter na Estoniya mai kilohaz 120, da Audio Desk na Jamus, da HumminGuru na Hong Kong. Amma galibinmu tankin nan mai cin lita 6 muke da shi, irin wanda ake wanke gwal da ƙananan kayan inji a ciki, sai a ɗora masa sanda mai mota da ke juya faifan a hankali. A kan wannan tankin nake magana.

Zafi shi ne babban makashin faifai, kuma shi ya fara cina. Tankin yana zuwa da hita, mai sayarwa kuma zai ce maka ruwan ɗumi ya fi fitar da datti. Gaskiya ne idan kabureta kake wankewa. Faifai roba ne, ba ƙarfe ba. Abin da sababbin shiga ba su sani ba shi ne, ko ba ka taɓa maɓallin hita ba, injin da kansa yana ɗumama ruwan muddin yana aiki. Waɗanda kake kallo a bidiyo suna kunna hita, a ƙasar sanyi suke, ruwansu daga famfo kamar ƙanƙara yake fitowa. Mu nan a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, ruwan jarka da ya wuni a ɗaki ya riga ya yi ɗumi tun kafin ka zuba shi. Me za ka ƙara masa?

Ranar da abin ya same ni, da azahar ne, a bazara. Na riga na wanke zubi uku a jere ban bar injin ya huta ba, ga hita a kunne. Na sa zubi na huɗu, faifai huɗu, aka yi sallama a ƙofa na fita. Ashe filogin motar da ke juya sandar ya saki, tankin kuwa yana ta aiki. Na dawo na tarar faifan a tsaye cik, gefe ɗaya a nutse cikin ruwan zafi, sauran a iska. Da na taɓa ruwan sai da na janye hannu. Duka huɗun sun gantsare, guda ɗaya da na ɗora a kan injin kiɗa hannun allurar hawa yake yana sauka kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa. Cikinsu akwai wanda na shekara biyu ina nema kafin na samu. Na danne shi tsakanin gilashi biyu da littattafai a kai har wata uku, ya ɗan sassauto amma bai koma daidai ba, har yau allura tsalle take yi a waƙar farko.

Tun daga ranar na yi wa kaina doka. Hita ba na kunna ta, na ma manna tef a kan maɓallin. Ba na yarda da lambar zafin da tankin ke nunawa, na sayi ma'aunin zafi irin na kicin ina tsomawa da hannuna. Ruwa ya kai digiri 35, na kashe, ko saura faifai nawa. Da asuba nake wanki, bayan sallah, lokacin gari da sauran sanyi. Minti 10 ya ishi kowane zubi, sannan injin ya huta. Kuma ba na ɗagawa daga wurin in faifai yana cikin ruwa. Duk wanda ya yi sallama ya jira, ko na kashe na ciro faifan tukuna. Haka in an ɗauke wuta, ka ciro su nan take, kada ka bar su a jiƙe kana jiran a dawo da ita.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo, don kayan ba nawa ba ne. Kawuna ya ga yadda faifaina ke fitowa tas, sai ya fito da wata tsohuwar adaka ya ce, "Ɗan nan, duba mini waɗannan, na mahaifinmu ne, tun da ya rasu ba wanda ya kunna su." Na ce, "To, Kawu, in Allah ya yarda za ku same su kamar sababbi." Faifan garmaho ne na da, masu nauyi, masu gudu 78, wato zagaye 78 a minti guda. A lokacin ina zuba sifirit a ruwan tankina saboda na ga wasu na yi. Na sa guda biyu. Da na ciro, sheƙin baƙin nan ya tafi, fuskar ta yi toka-toka, tana ɗan kama yatsa. Na bari suka bushe na kunna, muryar mawaƙin tana can nesa ƙarƙashin wata irin shuuu da ba ta ɗaukewa. Na mayar wa Kawu na faɗa masa gaskiya. Ya juya faifan a hannunsa, ya daɗe yana kallon takardar tsakiya, ya ce, "Ba komai, Allah ya ƙaddara." Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ku saurara da kyau, don wannan ba ta da gyara. Faifai iri biyu ne. Dogon faifai mai gudu 33 wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, da ƙarami mai gudu 45 na RCA Victor a 1949, galibinsu roba ne. Masu gudu 78 kuwa yawancinsu da shalak aka yi su, wani irin ƙaro da wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, aka cuɗa shi da garin dutse. Sifirit narkar da shalak yake yi, da shi ma kafintoci ke narka shi su shafa wa katako. To ka ga wanda ya zuba sifirit a kan irin wannan faifan, garin neman gira ya rasa ido. Yaya za a yi mutum ya karɓi amanar abin da ya girme shi, abin da ba a ƙara bugawa, ya tsoma a ruwan da bai san abin da ke cikinsa ba? Duba lambar gudun a takardar tsakiya, ɗaga ka ji nauyinsa, ka ga ko yana ɗan lanƙwasuwa ko sandararre ne kamar tangaran. Ni yanzu mai gudu 78 ba ya shiga tankina sam, da sifirit ko babu, don in akwai tsagar da ido bai gani ba girgizar tana iya buɗa ta. Da hannu nake wanke su, da burushi mai laushi, in tsane su da wuri. Sifirit ɗin ma na daina zuba shi ko ga na roba. Abu ne mai kama wuta, ga tanki a buɗe yana tururi a ɗaki.

Sai ruwa. Na famfo, na burtsatse, na rijiya, har da fiya wata, duk suna ɗauke da gishirin ƙasa. In ruwan ya bushe gishirin yana zama a cikin layukan, shi ne farin dabbaren nan, shi ne kuma ƙarar da ke sa ka ji kamar ana suyar ƙosai a bayan mawaƙi. Tataccen ruwa ake so, wanda aka dafa aka tara tururinsa. Masu sayar da kayan ɗakin gwaji suna da shi. In wajen masu batir za ka saya, yi hattara ƙwarai, ruwan batir iri biyu ne, ɗaya tataccen ruwa ne zalla, ɗaya kuwa da asid a ciki. Ka tambaya, ka karanta jikin robar. Akwai 'yar na'ura kamar biro mai auna gishirin ruwa, ba ta da tsada, in ka tsoma ya kamata ta nuna sifili ko kusa da shi. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki kuma, wanda wasu ke tarawa wai tatacce ne, ya bi ta kan ƙura da gansakuka kafin ya iso bokitinka.

Omo da sabulun wanke kwanuka ba su da wurin zama a tankin. Ni Ilfotol nake ɗigawa, wani sinadari mai taimaka wa ruwa ratsa layukan, irin wanda masu wanke hoto ke amfani da shi, ɗigo kaɗan ƙwarai, wasu kuma Tergitol suka fi so. In ka ga kumfa ta taru a saman ruwa, ka zuba da yawa. Kuma ko me ka sa, ka ɗauraye faifan da tataccen ruwa bayan ya fito.

Sauran ƙanana ne, amma kullum sai an yi su. Sandar tana iya ɗaukar faifai shida ko fiye, wannan ba dalili ba ne na cika ta. Uku nake sawa, tsakanin kowane biyu faɗin yatsu biyu, don girgizar ta samu hanyar shiga. Sabon ruwa akwai iska a cikinsa mai rage ƙarfin aikin, ka kunna injin minti 10 ba faifai tukuna. Kada ka taɓa kunna shi babu ruwa. Ka ɗaura marfin roban da ke kare takardar tsakiya, ka kuma duba ruwan bai kai gare ta ba. Faifan da ka tsinto a kasuwa da yashi da kashin kyankyaso, ka fara kakkaɓe shi ka ɗauraye kafin ya ga tanki, in ba haka ba dattinsa sauran za su sha. Ruwa ya fara gurɓacewa, ka zubar.

Mutumin nan na uku da na ambata, na tambaye shi yadda yake shanya. Ya ce da tawul yake gogewa, ya jingina a baranda, sannan ya mayar cikin tsohuwar rigar takardar da faifan ya zo da ita. A cikin hunturu! Wato ya wanke, ya shafa zaren tawul, ya tara ƙura, ya mayar gidan dattin shekara arba'in. Rana kuma lanƙwasa faifai take yi kamar ruwan zafi. A ɗaki rufaffe nake shanya nawa, a tsaye a kan maratayin faranti, in yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, sai sun bushe sarai su shiga sabuwar riga.

In kuma ka wanke sau biyu ƙarar tana nan a wuri ɗaya, ka daina. Ƙarzuwa ce, ko kuwa wata tsohuwar allura ta riga ta cinye layin tun zamanin mai shi na farko, ruwa ba ya mayar da wannan. Kafin ka ɗora wa injin laifi ma, ɗauki gilashin ƙara girma ka duba bakin allurarka. Sau da yawa za ka tarar da dunƙulen datti a maƙale, ka share shi da ɗan burushi daga baya zuwa gaba, sannan ka sake saurara.