Yadda na gyara kwanar Civic ɗina kafin gasar autocross

A autocross mota ɗaya ce ke shiga fili a lokaci guda, ta kewaya tsakanin mazuraren roba, ana auna daƙiƙu. Matsalar Honda Civic ɗina, mai jan gaba, ita ce in na murza sitiyari a kwana sai hancinta ya ƙi bi, ya zarce waje.

Dokar SCCA, ƙungiyar da ke shirya gasar a nan Amurka, a rukunin Street, ba ta yarda a sauya sifirin ba, amma ta bari a canza shokozoba da sandar sitabilaiza guda ɗaya, ta gaba ko ta baya. Na zaɓi ta baya, na sa mai kauri. Tana hana jikin motar kwantawa, ta ɗora wa tayar baya ta waje ƙarin nauyi, sai bayan ya riƙa juyowa, gaban ya samu riƙo. Iskar taya kuwa da alli na daidaita ta: na shafa a kafaɗar taya, in ya goge har gefe, na ƙara.

Saura sanyi. Tayoyina masu lambar 200 a ma'aunin saurin cinyewa suna hucewa yayin jiran layi da safe. An hana ɗumama taya da lantarki, amma rufewa ba laifi. Na yanka Reflectix, ledar nan mai ƙyalli da ake sawa a bango, daidai faɗin taya, na liƙa gefensa da tef ɗin alminiyom, na sa igiyar roba saboda iska. Ba kyan gani, amma ina fitowa daga fili nake kifa ledojin a kan tayoyin, zafin ya tsaya har zagaye na gaba.