Yadda ake ganin Andromeda da ido kawai

Ba nisa ke hana ido gani a sama ba, ƙarancin haske ne. Wata yana nisan kilomita 384,000. Taurarin Kaza da 'ya'yanta kuwa, haskensu kan yi shekara kusan 440 a hanya, alhali haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Abu mafi nisa da yawancin mutane ke iya gani ba tare da na'ura ba shi ne Andromeda, wani katafaren rukunin taurari da haskensa ke ɗaukar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso.

Lokaci ne ya fi komai muhimmanci. A ƙasar Hausa, daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi: damina ta wanke sama, hazon hunturu bai sauka ba tukuna. Idan ƙura ta riga ta taso, kada ma ka wahalar da kanka. Zaɓi daren da babu farin wata, wato ƙarshen watan Musulunci ko farkonsa, ka fita bayan gari inda fitilu ba sa kaiwa, wajen ƙarfe 9 zuwa 11.

Ka zauna a duhu minti 20 zuwa 30. A nan yawanci ake ɓata aikin, domin leƙa waya sau ɗaya yakan mayar da ido baya, sai an sake jira. In dole sai da tocila, rufe bakinta da jar leda.

Sai ka fuskanci arewa, ka nemi taurari biyar masu haske da suka yi siffar W ko M, su ne Cassiopeia. Siffar tana da tsini biyu. Wanda ya fi zurfi shi ke nuna hanya. Miƙa hannu ka dunƙule shi, faɗinsa kusan digiri 10 ne, ka auna dunƙule ɗaya da rabi daga wannan tsinin zuwa sama.

Kada ka sa ran abin da ke cikin hotuna. Ɗan tabo ne fari-fari mai tsawo, kamar ɓurɓushin hayaƙi. Idan ka ƙura masa ido zai ɓace, saboda tsakiyar ido ba ta jin haske mai rauni, gefenta ne ke ji. Don haka ka ɗan karkatar da kallonka gefe, ka bar tabon a wutsiyar ido.