Yadda muka daidaita da dila kan kukan giyabos

Kwana uku da sayen motar, ta hannu ce manuwal, giyabos ya fara gurnani. Dilan ya ce ai haka tsohuwar mota take. Na daina ja-in-ja, na kai ta wurin makaniken da ba nasa ba. Muka bar ta a firi, wato ba a sa giya ba, injin na aiki, ga ƙara. Na taka kulochi, tsit! Makaniken ya ce boris ɗin cikin giyabos ne, da na kulochi ne sai an taka yake kuka. Da aka juye man giya kuwa, garin ƙarfe dam a jikin notin da ake kwancewa a juye man. Na ɗauki bidiyo, na haɗa da rahoton makanike na tura wa dilan. Washegari ya sauko: shi kaya, ni kuɗin aiki.