Kurakuran da muke yi da alamomin ciwon ƙoda kafin a kai ga wanki

Kawuna direban babbar mota ne, shekara ashirin da wani abu yana ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa kudu, kuma abin da ya fara ba shi haushi takalmi ne. Sau-cikin da yake sawa idan za shi taro da safe zai shige shi lafiya lau, da yamma kuma sai an yi kokawa kafin ya fita, har shatin bakin takalmin ya kwanta masa a ƙafa. Ya ce zaman mota ne, matarsa ta ce zaman mota ne, ni ma da nake ganin na ɗan yi boko haka na ce. Bayan wata takwas muna zaune a benci a ƙofar ɗakin wankin ƙoda muna lissafin abin da za a sayar. Zaman da na yi a bencin nan ne ya sa na gane kusan duk wanda ke wajen labarinsa ɗaya ne, alamomin sun zo, kowacce sai aka raɗa mata wani suna daban.

Babban kuskuren dai shi ne jiran a ji ciwo. Mu a wajenmu in an ce ƙoda to ciwon baya ne ko ƙugu, mutum zai dafe kwankwaso ya ce wallahi ƙodata ce ke damuna, alhali yawancin ciwon bayan nan na tsoka ne da ƙashi, ɗaukar kaya ne da zaman babur. Abin da ke sa ƙoda ciwo sosai tsakuwa ce ko ƙwayoyin cuta, shi kuwa lalacewar da ke kai mutum ga inji a hankali take tafiya shiru. Kowace ƙoda tana da 'yan matatai wajen miliyan 1, in wasu suka mutu sauran sai su ƙara ƙwazo su rufe giɓin, shi ya sa mutum zai iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana zuwa kasuwa yana cin tuwonsa bai san komai ba. Gyaran kuwa shi ne ka daina tambayar kanka ko kana jin wani abu, ka tambayi kanka ko kana cikin waɗanda abin ya fi kamawa, wato mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, wanda aka taɓa yin ciwon ƙoda a gidansu, dattijon da fitsari ke yi wa gardama saboda kumburin mafitsara ko abin da ke ƙarƙashinta, duk waɗannan ko lafiyarsu ƙalau a gwada su sau ɗaya a shekara.

Sai maganar fitsari, kuma nan zan ɗan daɗe don nan ne alamar farko ta fi fitowa. Ƙoda mai lafiya ba ta barin furotin ya zube, in matatar ta fara yagewa sai ya riƙa bin fitsari, shi ne za ka ga kumfa mai kauri kamar an kaɗa Omo, ƙanana-ƙanana, ta tsaya ta ƙi bajewa. Ba irin kumfar da ke tashi in ka matsu ka saki da ƙarfi ba, waccan kafin ka ɗaura wando ta washe. To amma fa mu faɗa wa juna gaskiya, mu nawa ne ke ganin fitsarinmu? Masai na rami ne, ko makwarara a tsugune, a bi da buta shikenan. Kawu da aka tambaye shi ko yana ganin kumfa dariya ya yi ya ce likita ai ni ban taɓa tsayawa kallo ba. Ka samu roba mai haske wadda ba ta da ragowar sabulu, ka yi na farkon safiya a ciki, ka ajiye minti kaɗan ka duba, in kumfar na nan kwana biyu uku a jere kar ka tsaya shawara da majalisa, ka kai a gwada.

Wani kuskuren da ke tare da wannan shi ne mutum ya ce ai ni fitsari nake yi sosai, har sau huɗu nake tashi da dare, ka ga ƙodata na aiki kenan. A'a. Ƙodar da ta fara gajiya tana kasa tattara fitsari ya yi kauri da dare, sai ruwan ya yi ta fita amma dattin ya zauna a jini, ƙarancin fitsari sai can ƙarshe yake zuwa. Tashin dare na iya zama suga, na iya zama na tsufa a maza, amma mu duka sai mu zuba shi a buhu ɗaya mu ce sanyi ne, a je a sayo maganin sanyi na galan. Haka jini a fitsari, a garuruwan da ke bakin kogi da madatsun ruwa yaro na fitsarin jini ana cewa tsargiya ce kowa ya yi ta, har wasu na ɗauka alamar balaga ce, alhali tsutsar na yi wa mafitsara da bututun fitsari tabo, shekaru su tafi hanya ta toshe ƙoda ta kumbura, kuma maganinta firazikwantel mai sauƙin samu ne. Yaron da fuskarsa ta kumbura fitsarinsa ya koma kalar shayi ba madara, mako biyu uku bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen fata, wannan asibiti za a kai shi a ranar.

Kumburi kuwa sunayensa sun fi yawa. In a ƙafa ne a ce zama ne ko tsayuwa, in a fuska ne a ce hutu ya karɓe ta, in ya yi yawa a ce an taka sammu. Gwajin gida mai sauƙi ne, ka danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri ka ƙirga biyar ka ɗaga, in rami ya zauna to ruwa ne. Na ƙoda ya fi son ƙasan ido da sassafe sannan ya sauka ƙafa da yamma. Zuciya da hanta su ma suna kawo kumburi, shi ya sa zuwa kemis a karɓo Lasix a sha ruwan ya tsiyaye kuskure ne babba, ƙafa za ta saɓe kowa ya yi murna, an dai kashe ƙararrawa ne wutar tana ci. Mai ciki kuma da ƙafa da fuska da hannu suka kumbura, ga ciwon kai, kar a ce mata ai ciki ne, a auna jininta a duba fitsarinta kafin ta kai ga jijjiga.

Sai kasala. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini, in ta yi rauni jini sai ya yi ƙasa, mutum ya riƙa haki daga hawa bene ɗaya, tafin hannu ya yi fari, abinci ya fita ransa musamman nama. Mu kuma me muka sani in ba maleriya da taifot ba, kawu sai da ya sha maganin taifot zagaye uku, har da allurar jentamaisin da wani mai shago ya yi masa, wadda ita kanta tana cutar da ƙoda in ba a lissafa ta da kyau ba. Duk wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa ba a san dalili ba, ko aka yi masa maganin zazzaɓi sau biyu bai ji daidai ba, ya roƙi a haɗa da gwajin ƙoda. Ƙaiƙayin jiki ba ƙurji, shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, amai da safe, baki na ɗanɗanon ƙarfe, waɗannan kam ba na farko ba ne, an riga an yi nisa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar magani, don mun juya ta a baibai. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da Feldene suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma su ne leburori da direbobi da manoma ke haɗiya kullum kamar gyaɗa, sau da yawa a haɗin nan na ƙullin leda da ba ka san me ke ciki ba, a cikin rana, ba ruwa a jiki. Ga jiƙe-jiƙen da ake tallarsu da lasifika wai suna wanke ƙoda, ga man bilicin da wasunsu ke ɗauke da sinadarin makyuri. Duk wannan ba ma tsoronsa. Wanda muke tsoro shi ne maganin hawan jini, wai in ka daɗe kana sha zai kashe maka ƙoda, sai mutum ya sha na wata ɗaya ya ji kai ya daina sarawa ya ajiye. Hawan jinin da aka bari ne ke cinye ƙoda, magungunan hawan jini irin su lisinofiril da losatan kuwa likitoci na ba da su ne musamman don su rage zubar furotin. In awonka na kaiwa 140/90 ko sama a kai a kai, ko kana shan magani kala biyu uku ya ƙi sauka, ko kuma kana matashi aka ce kana da hawan jini, wannan kansa alama ce a duba ƙoda. Ciwon jiki na yau da kullum farasitamol ya fi aminci, shi ma kar a wuce ƙa'ida.

To an yarda za a je gwaji, nan ma akwai inda ake zamewa. Mutanenmu sikanin suka yarda da shi, in an shafa man nan an nuna hoto a talabijin an ce ƙoda biyu suna nan daidai sai a koma gida da murna. Sikanin girma da siffa yake nunawa da tsakuwa da toshewa, ba ya faɗin ko tana tacewa. Gwaji biyu ake buƙata, na jini wato kiretinin, wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, wanda daga shi ake lissafo abin da za ka ga an rubuta eGFR, lambar da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda, da na fitsari don neman furotin da jini. Lambar eGFR in ta yi ƙasa da 60 kuma ta zauna haka wata 3 ko fiye, sunansa ciwon ƙoda mai daɗewa, ƙasa da 15 kuma shi ne matakin ƙarshe da ake fara maganar wanki ko dashe. Shi ya sa gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, gudawa ko zazzaɓi mai zafi na iya ɗaga kiretinin na ɗan lokaci ya dawo, dole a maimaita, kuma ka adana takardun ka riƙa kwatanta na bana da na bara. A lura da tsofaffi marasa jiki, kiretinin daga tsoka yake fitowa, Hajiya 'yar siririya kiretinin ɗinta na iya zama cikin iyaka alhali ƙodar ta yi rauni, don haka a nemi a lissafa eGFR ɗin.

Ruwa kuma ta fuska biyu ake kuskure. Mai aiki a gona ko gini a watan Afrilu ya wuni da leda biyu na fiya wata, fitsarinsa ja kamar an jiƙa kanwa, wannan yana gasa ƙodarsa ne, kuma mutanen Gashuwa da kewayenta a Yobe da ciwon ƙoda ya addaba shekara da shekaru sun fi kowa sanin ba abin wasa ba ne. Amma wanda ya riga ya kumbura aka ce ya yi ta ɗirkar ruwa don ya wanke, ruwan a huhu zai taru, shi likita ne zai ƙayyade masa, haka ma maganar azumi. Gishiri duka-duka kar ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen magin da ake jefawa biyar shida a miya da wanda ke cikin yaji duk a ciki ake lissafa su.

Bayan rasuwar kawu na tattara 'ya'yansa maza huɗu na kai su gwaji da ƙyar, babban yana ta mita wai na ɓata masa ranar kasuwa. Uku lafiya lau. Shi mai mitar, ɗan shekara 34, aka samu jininsa 160/100 da furotin a fitsari, ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Yanzu ƙwaya ɗaya yake sha da safe, duk wata shida ya koma a duba, takardun kuma suna cikin wata tsohuwar jakar kawun da ya rataye a bayan ƙofa.