Yadda za ka shiga gardamar Metallica da kunnenka, ba da jita-jita ba

Duk mai sauraron kiɗan metal ya san wannan gardama: shin Metallica, ƙungiyar mawaƙan Amurka, sun bi kuɗi ne da suka sauya salo a faifansu na 1991, ko kuwa girma suka yi? Na daɗe ina cikin masu cewa sun bi kuɗi. Abin da ya sauya min ra'ayi shi ne zama da na yi na saurari faya-fayansu a jere, kuma hanyar da nake so ka bi ke nan, ɗan'uwa.

Kada ka fara da faifan 1991, wanda ake kira baƙin faifai (Black Album) saboda baƙin bangonsa. Koma baya tukuna. Sa iyafis, ka saurari Master of Puppets na 1986, sannan ...And Justice for All na 1988. Kula da tsawon waƙoƙin, akwai wadda ta kusa minti goma, ganga tana ta sauya taki. Sai ka nemi, a faifan na 1988, muryar jitar bes ta Jason Newsted, wanda ya gaji Cliff Burton bayan rasuwarsa a hatsarin motar ƙungiyar a Suwidin a 1986. Da ƙyar za ka ji ta, an danne ta wajen haɗa sauti. Riƙe wannan a ranka, domin masu kukan tsohon salo ba sa son a tuna musu.

Yanzu sa baƙin faifan. Bob Rock ne ya tsara shi, mutumin da ya yi aiki da Mötley Crüe, ƙungiya mai kiɗan da ya fi sauƙin shiga kasuwa, kuma sunansa kaɗai ya isa ya tayar wa tsofaffin masoya da hankali. Tambaya ɗaya za ka yi wa kunnenka: gudu ne ya ragu, ko nauyi? A wurina gudu ne. Waƙoƙin sun gajarta, James Hetfield ya fara rerawa sosai maimakon ihu, gangar Lars Ulrich ta samu sarari, bes ya fito fili. Nauyin yana nan, har ya ƙaru a wasu wuraren. Kwafi fiye da miliyan 16 da aka sayar a Amurka ba hujja ba ce a kowane ɓangare, ajiye ta gefe.

In abokin gardamarka ya ce tun daga nan suka lalace, tuna masa cewa irin wannan zargi aka yi musu tun 1984, lokacin da suka sa "Fade to Black", waƙa mai sanyi, a faifan Ride the Lightning.

Sannan ka raba kiɗa da aski. A 1996 sun yanke dogon gashinsu suka fito da Load, mutane da yawa suka yi hukunci daga hoton kawai. A kan wannan faifan nake ba masu suka gaskiya, amma saboda sauti: kiɗan ya karkata zuwa blues da rock, kaifin thrash, wato salon metal mai gudu da suka fara da shi, ya tafi. Shi ne har yau ban iya saurara daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya ba.